Rome Odunze ko 'yan jami'ar da ke zaɓen 2025: wa ya fi? (An rubuta kafin zaɓen NFL na Afrilun 2025)

"Assalamu alaikum Malam. Daga Kaduna nake. Yayana da ke zaune a Chicago ne ya sa mini son ƙwallon Amurka da ƙungiyar Bears. Bara, 2024, mun yi ta murna da Bears suka ɗauki mai cafe ƙwallo Rome Odunze, sai ga shi ya gama shekara da yadi 734 kacal, alhali wasu sa'o'insa sun haura 1,000. Yanzu kuma kowa McMillan yake ambato, da Travis Hunter, da Egbuka. Da a ce Odunze yana cikin 'yan bana, a ina za ka ajiye shi? Na yi tambayar ne domin a wasan haɗa ƙungiya da muke yi a waya da abokai, wani ya ce zai ba ni zaɓinsa na zagayen farko in ba shi Odunze."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara zumunci tsakaninka da yayan naka. Tambaya biyu ka ɗaure da igiya ɗaya. Ta farko, shin shekara guda da Odunze ya yi a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ta zubar masa da daraja har yaran da ba su taɓa taka filin ƙwararru ba sun sha gabansa? Ta biyu, ka sake shi ka karɓi zaɓin, ko ka riƙe abinka? A gajarce, in aka ware Travis Hunter wanda lamarinsa daban ne, ban ga mai cafe ƙwallo ko ɗaya a cikin 'yan 2025 da zan sa gaba da Odunze ba. Kada ka ɗauka jinin gida ne ya ja ni, domin kamar yadda mahaifin Odunze yake ɗan Najeriya, haka mahaifin Emeka Egbuka.

Saboda masu karatu da ba su saba da wasan ba, ga yadda abin yake. Ƙungiyoyi 32 ne a NFL. Duk watan Afrilu sukan zauna su zaɓi yaran da suka fito daga jami'o'i, zagaye bakwai, kuma ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa. Mai cafe ƙwallo shi ne wanda yake sheƙawa ta wata hanya da aka tsara masa, ya kufce wa mai gadinsa, kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, ya jefo masa ya cafe. Da yadi ake ƙirga aikinsa, wato nisan da ya ciyar da ƙungiyarsa gaba. Wanda ya yi yadi 1,000 a kaka ɗaya ya yi abin a yaba.

Ba mudu ɗaya ake awo da shi ba

Kuskuren da ke cikin gardamar abokanka shi ne ana ɗora yadi 734 na Odunze kusa da yadi 1,319 da Tetairoa McMillan ya yi a Jami'ar Arizona a 2024, sai a ce ai ga bambanci nan ƙuru-ƙuru. Wannan kamar ka auna hatsi da mudu a wannan rumfa, ka auna da tiya a waccan, ka ce ɗaya ta fi albarka. In ana son adalci, a mayar da Odunze matakin da su suke kai yanzu. A shekararsa ta ƙarshe a Jami'ar Washington, 2023, ya cafe ƙwallo 92, ya yi yadi 1,640 wanda ya fi na kowa a manyan jami'o'in Amurka a shekarar, ya kai ƙwallo gidan ci sau 13. Shi da kwatabak ɗinsu Michael Penix Jr. suka kai makarantarsu wasan ƙarshe na ƙasa, inda Michigan ta doke su. A taron gwajin da ake yi a Indianapolis tsawonsa ƙafa 6 da inci 3, nauyinsa wajen kilo 96, kuma ya yi gudun yadi 40 cikin daƙiƙa 4.45. A cikin yaran bana da ake ta ambato babu wanda ya taɓa yin yadi 1,640 a kaka ɗaya.

Sannan ka duba cikin su wa aka ɗauke shi. Zaɓen 2024 shekara ce ta yabanya ga masu cafe ƙwallo: bakwai aka ɗauka a zagayen farko, uku daga ciki a mutum tara na farko. Marvin Harrison Jr. na 4, Malik Nabers na 6, Odunze na 9. Zama na uku a wannan jeri ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma batun shekaru, wanda mutane kan manta da shi. An haifi Odunze a watan Yunin 2002, Egbuka a Oktoban 2002. Wata huɗu ne tsakaninsu. McMillan da Hunter 'yan 2003 ne, bai cika shekara guda da girme su ba. To ka ga ba tsoho da yara ake gwadawa ba. Sa'o'in juna ne, sai dai ɗaya ya riga ya yi kaka guda yana kokawa da manyan masu gadi na duniya, sauran kuwa suna karawa da ɗalibai waɗanda akasarinsu ba za su taɓa cin abinci da ƙwallo ba.

Dokokin ma ba ɗaya ba ne. A jami'a in ka cafe ƙwallo a bakin layi, ƙafa ɗaya ta taɓa cikin fili ta wadatar, a NFL sai biyu. Layukan tsakiya da ake ajiye ƙwallo a kansu sun fi nisa da juna a jami'a, ƙafa 40, a NFL kuwa ƙafa 18 da rabi. Wannan yana buɗe wa ɗan jami'a wani makeken fili a gefe guda, wanda in ya shiga NFL zai nema ya rasa. Babban abin kuwa shi ne mai gadi. A jami'a sau da yawa yakan ja baya ya ba ka fili saboda tsoron gudunka. A NFL zai zo ya tsaya maka hanci da hanci, ya sa maka hannu a ƙirji tun kafin ka yi taku biyu. Na yi shekaru ina taimaka wa wata makarantar sakandare a nan Amurka da horar da masu cafe ƙwallo, kuma abin da ya fi cin lokacinmu shi ne taku ukun farko: yadda yaro zai kaɗe hannun mai gadi, ya ruɗe shi da kafaɗa, ya fice ba tare da an karkatar da shi daga hanyarsa ba. Yaron da bai iya wannan ba, duk gudunsa na banza ne, domin kafin ya kuɓuta an riga an danne kwatabak.

Gidan da ya faɗa

Yanzu mu zo kan yadi 734 ɗin. Ƙwallo 54 ya cafe daga cikin 101 da aka jefo masa, ya ci sau 3. Ba zan ce maka wannan abin alfahari ba ne. Brian Thomas Jr. da aka ɗauka na 23 ya yi yadi 1,282, Nabers 1,204, Ladd McConkey da sai a zagaye na biyu aka ɗauke shi ya yi 1,149. Mai goyon bayan Bears yana da haƙƙin ya ji haushi.

Amma dubi gidan da kowa ya shiga. Nabers yana isa New York Giants ya zama shi ne uban tafiya, aka jefa masa ƙwallo sau 170. Odunze kuwa ya tarar da manya biyu a gabansa: DJ Moore, wanda aka sabunta wa kwantiragi mai tsoka ana dab da fara kaka, da Keenan Allen, tsohon hannu da aka kawo daga Chargers. Moore ya cafe 98, Allen 70. Ƙwallo ɗaya ce a fili, kuma ɗan auta sai abin da ya rage. Duk da haka yadi 10 kawai Allen ya fi shi, 744 da 734.

Mai jefa masa ƙwallon ma baƙo ne kamarsa. Caleb Williams, wanda aka ɗauka na ɗaya a wannan zaɓen, an kayar da shi sau 68 kafin ya saki ƙwallo, fiye da kowane kwatabak a kakar. Wannan adadi ya shafi Odunze fiye da sauran, domin shi ake yawan turawa hanyoyi masu nisa, waɗanda sai kwatabak ya samu daƙiƙa uku ko fiye yana tsaye lafiya kafin su nuna. In layin da ke kare shi ya rushe, mai dogon zango ne farkon wanda ake mantawa da shi. Ƙungiyar ta fara da cin wasa 4 cikin 6, sannan ta yi rashin nasara sau 10 a jere, ta ƙare da 5 da 12. Aka sallami mai tsara hari Shane Waldron a Nuwamba, kafin watan ya ƙare aka sallami babban koci Matt Eberflus, abin da Bears ba ta taɓa yi ana tsakiyar kaka ba a duk tarihinta. Yaro mai koyon sana'a, a canza masa malami sau biyu cikin makonni.

Ni ba na yanke wa mai cafe ƙwallo hukunci daga hoton talabijin, domin kyamara ƙwallo take bi, shi kuwa aikinsa yakan faru ne a inda ba a nunawa. Akwai hoton da ake ɗauka daga sama wanda ke nuna 'yan wasa 22 gaba ɗaya. Da shi nake zama, in ɗauki mutum ɗaya in bi shi wasa bayan wasa, ko an jefa masa ko ba a jefa ba, ina tambayar kaina abu uku: ya fita daga layi da tsabta? A lokacin da ya kamata ƙwallo ta tashi, ya rabu da mai gadinsa? In an jefo, da hannu ya tare ta ko ya jira ta faɗo masa a ƙirji? Abin da na gani a wasannin Odunze shi ne sau da dama yana fili a buɗe amma an riga an rutsa da Williams, ko kuma an jefo ta wuce kansa. Ranar da abubuwa suka daidaita kuwa an ga abin da ke cikinsa: yadi 112 da ci ɗaya a kan Colts a mako na uku, yadi 104 a kan Cardinals, ci biyu a kan 49ers a Disamba.

Misalin da ya fi kama da nasa shi ne Jaxon Smith-Njigba na Seattle. An ɗauke shi na 20 a 2023, ya tarar da DK Metcalf da Tyler Lockett a gabansa, ya gama da ƙwallo 63 da yadi 628, mutane suka fara gunaguni. Wa ke tsara musu hari a shekarar? Shane Waldron ɗin nan dai. A 2024, ƙarƙashin sabon mai tsarawa, ya cafe 100, ya yi yadi 1,130. Nico Collins na Houston ya yi 446 da 481 a shekarunsa biyu na farko, da ya samu kwatabak na kirki a 2023 sai ga 1,297. Davante Adams ma bai kai yadi 500 ba a kakarsa ta farko da ta biyu. In kana son misali daga ƙwallon ƙafa, ka tuna Victor Osimhen ya bar Wolfsburg bai ci ko ɗaya ba, bayan ƙwallo 10 da ya zura a gasar 'yan ƙasa da 17 a 2015.

Inda nake da damuwa

Ba zan ɓoye maka ɗaya gefen ba. Waɗanda na lissafa su ne waɗanda suka farfaɗo, shi ya sa ake tuna su. Da yawa sun fara a hankali kuma a haka suka ƙare. A zamanin nan fitattu kan nuna kansu da wuri: Justin Jefferson ya yi yadi 1,400 a shekararsa ta farko, Puka Nacua da aka tsinta a zagaye na biyar ya yi 1,486. Wanda bai yi haka ba, dole a sa masa ido.

Abu biyu ne suka tsaya mini a rai game da Odunze. Na farko, a jami'a ƙarfinsa shi ne ƙwace ƙwallo a sama yana manne da mai gadi. Kyauta ce daga Allah, amma a NFL masu gadi sun fi tsawo da wayo, kuma wanda ya dogara da wannan kaɗai ba ya nisa. Na taɓa yabon wani dogon yaro shekarun baya saboda irin wannan cafiya, ban kula cewa dalilin da ya sa kullum yake kokawa a sama shi ne ba ya iya rabuwa da mai gadi a ƙasa ba. Bai yi ƙarko ba. Tun daga nan nake fara duban ƙafa kafin hannu. Odunze ya fi wancan yaron iya taku nesa ba kusa ba, amma bai kai Nabers zillewa ba. Na biyu, an sha ganin shi da Williams ba su fahimci juna ba, ɗaya ya juya ciki ɗaya ya jefa waje. Ga baƙi biyu wannan ba abin mamaki ba ne. In ya ci gaba a shekara ta biyu, to magana ta canza.

Yaran bana

Bahaushe ya ce amarya ba ta laifi. Duk Afrilu haka ake yi: yaron da bai buga ko wasa ɗaya ba babu wanda ya ga aibinsa, sai hotunan bajintarsa ake ta yawo da su. Bara Odunze ne a wannan kujera.

Travis Hunter na Colorado shi ne wanda ya fi kowa baiwa, har da Odunze. Ya ci kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan wasan jami'a, a 2024 yana buga gefe biyu, ya cafe ƙwallo 96, yadi 1,258, ci 15, sannan ya koma gadi ya ƙwace ƙwallon abokan hamayya sau 4. Yadda yake lanƙwasa jiki a sama da yadda yake karanta tafiyar ƙwallo ba koyarwa ba ce. Matsalar ita ce ƙungiyar da ta ɗauke shi ce za ta yanke yawan lokacin da zai yi a kowane gefe. In suka mai da shi mai gadi da ɗan taɓa hari jefi-jefi, ƙungiyar ta ci riba, amma kai mai ƙirga yadi a waya ka yi asara.

McMillan shi ne ainihin abokin gwajin Odunze, domin aikinsu ɗaya: dogon mutum da ake tsayarwa a gefe shi kaɗai. Ƙafa 6 da inci 4, yadi 1,402 a 2023 da 1,319 a 2024, har da yadi 304 da ci 4 a wasa guda a kan New Mexico. Hannunsa kamar da ƙaro, kuma duk tsawonsa yana iya kauce wa mutum bayan ya cafe. Na kalle su gefe da gefe, kowa a shekararsa ta ƙarshe a jami'a. McMillan ya fi faɗin hannu. Odunze ya fi saurin fita daga layi, ya fi gudu a dogon zango, kuma ya fi iya canza sauri a tsakiyar hanya don ya ruɗi mai gadi. Tazarar ba ta da yawa, amma tana wajen Odunze. Kuma tambayar da ake yi wa McMillan yau, ko zai iya rabuwa da masu gadin NFL, Odunze ya riga ya amsa rabinta a fili.

Egbuka kuwa ina ƙaunar wasansa. Ƙwallo 205 ya cafe a Ohio State, a lokacin babu wanda ya kai haka a tarihin makarantar da ta fitar da Garrett Wilson da Chris Olave da Smith-Njigba da Harrison. Ya ɗauki kofin ƙasa da su a Janairun 2025 da suka doke Notre Dame. Ya san inda rami yake a tsakanin masu tsaro, yana tare wa abokansa hanya ba tare da ƙyashi ba, kuma a cikin 'yan bana shi ne wanda na fi amincewa ba zai lalace ba. Sai dai galibi daga ciki yake wasa, kuma a duk shekarunsa akwai wani tauraro kusa da shi da ke ɗauke hankalin masu gadi.

Matthew Golden na Texas gudu ne ya ɗaga shi, daƙiƙa 4.29 a yadi 40, amma bai taɓa kai yadi 1,000 a kaka ba, 987 ne mafi yawa. John Ross ya yi 4.22 a 2017, Bengals suka ɗauke shi na 9, bai zama abin da aka zata ba. Luther Burden na Missouri ya yi 1,212 a 2023 ya sauko 676 a 2024, kuma yawancin ƙwallayensa gajeru ne da aka tsara don a damƙa masa kawai. Golden da Burden ba su kai a gwada su da Odunze ba tukuna.

Iyakar abin da mai kallo irina yake da shi shi ne hoton wasa da alƙaluma. Binciken likitoci da ganawar da ƙungiyoyi ke yi da yaran nan a ɗaki a rufe suke, kuma su kan ɗaga mutum ko su sauke shi. Masu wannan bayanin ma suna kuskure: a 2020 Eagles suka ɗauki Jalen Reagor na 21, Vikings suka ɗauki Jefferson na 22.

Maganar musanya

A wajen ƙungiya ta gaske akwai abu ɗaya da sabon yaro ya fi Odunze da shi, wato kuɗi. Kwantiragin sabon ɗauka shekara huɗu ne a farashi mai sauƙi, da damar ƙara ta biyar ga 'yan zagayen farko, kuma Odunze ya riga ya cinye ɗaya. Da yake Ja'Marr Chase, mai cafe ƙwallon Bengals, ya sa hannu a watan Maris na 2025 kan dala miliyan 161 na shekara huɗu, kowace shekara mai araha tana da daraja. Amma wannan lissafin masu ƙungiya ne, bai shafi wasanku na waya ba.

Abin da ya shafe ka shi ne gidan Odunze ya canza. A Janairun 2025 Bears suka ɗauko sabon babban koci Ben Johnson, wanda ya tsara harin Detroit, inda Amon-Ra St. Brown ya cafe 115 a 2024, Jameson Williams kuma ya haura yadi 1,000. A Maris suka kawo Joe Thuney da Jonah Jackson da Drew Dalman don su toshe tsakiyar layin da ya bar Caleb Williams yana shan ƙasa. Kwantiragin Keenan Allen ya ƙare, ƙwallayen da ake jefa masa sai an nema musu sabon hannu. Sai dai Johnson mutum ne mai son a ruga da ƙwallo a ƙasa, kuma kafin zaɓen 2025 DJ Moore yana nan, Bears na da zaɓi na 10, ba abin da zai hana su ƙaro wani mai cafewa.

Saboda haka ka tambayi abokin naka zaɓi na nawa ne a hannunsa. In na ɗaya ne, to ba mai cafe ƙwallo za ka ɗauka da shi ba ma, Ashton Jeanty na Boise State ne, mai ruga da ƙwallo da ya yi yadi 2,601 a 2024, kuma wannan tayi ne da zan karɓa. In na tsakiya ne ko na ƙarshen zagaye, riƙe Odunze. In kuwa na biyu ne ko na uku, ka ce masa ya dakata har a yi zaɓen, ka ga inda McMillan ya sauka da abin da aka ce za a yi da Hunter. A Green Bay za a yi, zagayen farko daren Alhamis 24 ga Afrilun 2025, wato ƙarfe ɗaya na dare agogon Najeriya, wayewar Juma'a. Kafin ka fita masallaci ka san amsar.